Daga neman miliyoyi zuwa gina wa talakawa gidaje: Yadda Millard Fuller ya fahimci Kiristanci

A shekarar 1964 wani lauya kuma ɗan kasuwa a jihar Alabama ta ƙasar Amurka ya mallaki dala miliyan ɗaya kafin ya kai shekara talatin. Sunansa Millard Fuller, kuma shekarunsa 29 a lokacin. Shekara guda bayan haka ya sayar da kasonsa na kamfani, ya rabar da dukiyarsa, ya shiga hanyar da ta kai shi ga kafa ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda take cikin manyan ƙungiyoyin samar wa marasa galihu muhalli a duniya.

Fuller ya danganta wannan mataki da addininsa na Kirista. Labarinsa ya taɓo tambayar da mabiya addinin suka shafe ƙarnoni suna muhawara a kanta: shin mai imani zai iya riƙe dukiya mai yawa alhali maƙwabcinsa na kwana a ɗakin da ke yoyo? Idan kuma ya yanke shawarar bayarwa, wace hanya ce za ta amfani talaka ba tare da ta zubar masa da mutunci ba? Wannan bayani zai duba yadda mutumin ya tara dukiyar, dalilin da ya sa ya rabu da ita, koyarwar da ya dogara da ita, da kuma yadda tsarin da ya kafa yake aiki, tare da inda aka soke shi.

Yadda aka tara dukiyar

An haifi Millard Fuller ranar 3 ga Janairu, 1935, a garin Lanett na jihar Alabama. Ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Auburn, daga nan ya wuce Jami'ar Alabama inda ya karanci aikin lauya. A can ne ya haɗu da wani ɗalibi mai suna Morris Dees, suka ƙulla abota ta kasuwanci.

Sana'ar tasu ta fara ne daga ƙananan abubuwa. Sukan rubuta wa iyayen ɗalibai wasiƙa su yi musu tayin kai wa 'ya'yansu kek ranar zagayowar haihuwarsu, iyaye su biya, su kuma su kai. Da suka kammala karatu a 1960 sai suka buɗe ofishin lauyoyi a birnin Montgomery, amma kasuwanci ya fi aikin lauyan kawo musu kuɗi. Sun yi fice wajen sayar da kaya ta hanyar aika wasiƙu, musamman littattafan girke-girke da suke bugawa ƙungiyoyi suna sayarwa domin tara kuɗi. Kafin a ce me, Fuller ya mallaki katafaren gida, da filaye masu faɗi, da mota ta alfarma, da wurin hutawa a bakin tafki.

Duk ɗan kasuwa ya san abin da irin wannan nasara take ci. Fuller yakan fita da sassafe ya dawo cikin dare, hankalinsa na kan ciniki ko da yana zaune a gida. Matarsa Linda, wadda ya aura a 1959, ta samu kanta cikin daula amma babu miji a kusa. A ƙarshen 1965 ta tattara ta tafi birnin New York domin ta yi nazari a kan ko auren zai ci gaba. Fuller ya bi ta can. Bayan sun zauna sun faɗa wa juna gaskiya, suka cimma matsayar cewa neman kuɗin ne ya shiga tsakaninsu, ya kuma nisanta su da addininsu. Suka yanke shawarar rabuwa da dukiyar baki ɗaya. Fuller ya sayar wa Dees kasonsa, kuɗin kuma aka raba su ga ayyukan coci da na jinƙai.

Tushen matakin a cikin addinin Kirista

Abin da ma'auratan suka yi yana da tushe a Littafi Mai Tsarki. A sura ta 10 ta Linjilar Markus akwai labarin wani mai arziki da ya zo wurin Yesu Almasihu yana tambayar hanyar samun rai madawwami. Mutumin ya tabbatar da cewa yana kiyaye dokokin Allah tun yana yaro. Aka umarce shi da ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, sannan ya zama mabiyi. Ya juya ya tafi cikin baƙin ciki saboda dukiyarsa tana da yawa. A sura ta 25 ta Linjilar Matiyu kuma an bayyana cewa a ranar hisabi za a duba yadda mutum ya yi da mayunwaci, da baƙo, da marar tufafi, da majinyaci, da ɗan kurkuku. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Kiristocin farko a birnin Urushalima, waɗanda masu hali a cikinsu suke sayar da filaye su kawo kuɗin a raba wa mabuƙata.

Sai dai malaman addinin ba su taɓa haɗuwa a kan fassara ɗaya ba. Wasu sun ɗauki umarnin da aka ba mai arzikin nan a zahirinsa. Daga cikinsu akwai Antoni na ƙasar Masar, wanda ya rabar da gadonsa wajen shekara ta 270 ya koma zaman kaɗaici a hamada. Akwai kuma Faransis na garin Assisi a Italiya, ɗan wani attajirin mai sayar da yadi, wanda ya yafe gadon mahaifinsa a farkon ƙarni na 13 ya koma hidimar kutare da matalauta. A Amurka an yi Katharine Drexel, 'yar wani hamshaƙin mai banki a Filadelfiya, wadda ta zama sista ta ƙarar da gadonta wajen gina makarantu domin baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar.

Wasu malaman kuwa sun ce abin da ake nufi shi ne zuciya ta rabu da kwaɗayi. Klement na Iskandariya, wanda ya rayu wajen shekara ta 200, ya yi bayanin cewa idan kowa ya rabar da abin hannunsa ba za a samu mai ciyar da mayunwaci ba, saboda haka dukiya kayan aiki ce da ake tambayar mutum yadda ya sarrafa ta. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da labarin wani babban mai karɓar haraji a birnin Yariko, a sura ta 19 ta Linjilar Luka, wanda ya yi alƙawarin ba da rabin dukiyarsa tare da mayar wa waɗanda ya zalunta haƙƙinsu ninki huɗu, aka kuma karɓa masa ba tare da an nemi sauran rabin ba. John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Methodist a Ingila a ƙarni na 18, ya koyar da mabiyansa su nemi halal da ƙwazo, su guji almubazzaranci, su bayar da abin da ya wuce buƙatarsu.

A ƙarni na 20 wata koyarwa ta daban ta yi ƙarfi a Amurka, ta kuma bazu zuwa Afirka, har da manyan biranen Najeriya. Ita ce mai cewa arziki da lafiya alamu ne na albarkar Allah ga mai imani, kuma wanda ya bayar zai samu ninkin abin da ya bayar tun a duniya. Fuller ya tsaya ne a ɗaya ɓangaren. A wajensa ana gane imanin mutum ta wurin abin da ya yi wa wanda ba zai iya saka masa ba.

Gonar Koinonia

Rabar da dukiya abu ne na rana ɗaya. Abin da ya fi wuya shi ne sanin abin da mutum zai yi da sauran rayuwarsa. Amsar wannan ta zo wa Fuller ne a wata gona da ake kira Koinonia, kusa da garin Americus a jihar Jojiya, inda iyalin suka kai ziyara a watan Disambar 1965.

Wani fasto ɗan ɗariƙar Baptist mai suna Clarence Jordan ne ya kafa gonar a 1942 tare da matarsa da wasu ma'aurata. Jordan ya karanta aikin gona, ya kuma yi digirin digirgir a kan Girkancin Sabon Alkawari. Kalmar Koinonia ta Girkanci ce, ma'anarta tarayya. Mazauna gonar, farare da baƙaƙe, suna aiki tare suna cin abinci a teburi ɗaya, a daidai lokacin da dokokin wariyar launin fata suke da ƙarfi a kudancin Amurka. Wannan ya jawo musu tsangwama mai tsanani a shekarun 1950. An yi ta harbi a kan gidajensu, an tayar da bam a rumfar da suke sayar da amfanin gona, 'yan kasuwar yankin kuma suka ƙaurace wa saye da sayarwa da su. Abin da ya cece su shi ne sayar da wani nau'in gyaɗar bishiya da ake kira pekan ta hanyar aika saƙo zuwa wasu jihohi.

Bayan Fuller ya yi aikin nema wa wata kwalejin baƙaƙen fata tallafi, wato Kwalejin Tougaloo ta jihar Mississippi, sai ya dawo Koinonia da iyalinsa a 1968. A kewayen gonar akwai iyalai masu yawa, akasarinsu baƙaƙen fata 'yan ƙodago, da ke zaune a bukkokin katako marasa ruwa da makewayi. Bankuna ba sa ba su rance saboda ba su da jingina. Jordan yana da ra'ayin cewa abin da talaka ya rasa shi ne jari da abokin aiki, mai kuɗi kuma yana buƙatar hanya mai mutunci da zai sauke nauyin abin da ya yi masa yawa. Daga wannan tunani ne su biyun suka kafa wani asusu domin gina gidaje, suka yanka filaye 42 a gefen gonar. Jordan ya rasu a watan Oktobar 1969, gab da kammala gida na farko, aikin ya koma hannun Fuller.

Yadda tsarin yake aiki

Tsarin da suka fito da shi ya tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu.

Na farko, gidan ba kyauta ba ne. Ana sayar wa iyalin da shi a kan abin da aka kashe wajen gina shi, ba tare da an ɗora riba ba.

Na biyu, babu kuɗin ruwa. Iyalin yana biya kaɗan-kaɗan kowane wata har tsawon shekaru kamar 20. Fuller ya kafa hujja da sura ta 22 ta Littafin Fitowa a Tsohon Alkawari, inda aka hana karɓar ruwa a kan bashin da aka ba matalauci. Mai karatu Musulmi zai ga kamanni tsakanin wannan da haramcin riba da kuma falalar bashi mai kyau a nasa addinin.

Na uku, mai gidan yana sa guminsa. Iyalin da aka zaɓa dole ne su yi aiki na ɗaruruwan sa'o'i a ginin gidansu da na wasu, kafaɗa da kafaɗa da 'yan sa-kai. Wannan ya yi kama da aikin gayya da aka sani a ƙasar Hausa, inda jama'a ke taruwa su yi wa mutum noma ko yaɓe, gobe shi ma ya je na wani. Aikin yana rage kuɗin leburanci, yana kuma koya wa mai gida yadda zai gyara abinsa idan ya lalace.

Na huɗu, kuɗin da ake biya ba ya komawa aljihun kowa. Yana shiga asusun ne domin a gina wa wani.

Domin a ga yadda lissafin yake, a ɗauki misali da kuɗinmu. A ƙaddara an gina ƙaramin gida a kan naira miliyan 6, za a biya cikin shekara 20, wato wata 240. Kowane wata iyalin zai biya naira 25,000. Idan iyalai 40 suna biyan haka, asusun zai tara naira miliyan ɗaya a wata, cikin wata shida an samu kuɗin sabon gida ko da ba wanda ya ƙara ba da gudummawa. Sabon mai gidan shi ma zai shiga sahun masu biya. Ta haka kyautar da mai hali ya bayar sau ɗaya take ci gaba da juyawa, kamar adashen da ba ya ƙarewa.

A nan ne ƙwarewar Fuller ta kasuwanci ta yi amfani. Mutumin da ya san yadda ake rubuta wasiƙar da za ta sa baƙo ya sayi littafin girki, ya san yadda zai rubuta wadda za ta sa coci ya ɗauki nauyin gida guda. Ya rabu da kuɗin, amma basirar da ta samo su tana nan tare da shi, ya juya ta zuwa wata manufa.

Daga Zayar zuwa sauran duniya

A 1973 Fuller da iyalinsa suka ƙaura zuwa birnin Mbandaka da ke bakin Kogin Kwango, a ƙasar da ake kira Zayar a wancan lokaci, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu. Sun tafi ne a matsayin ma'aikatan mishan domin su gwada ko tsarin zai yi aiki a wajen Amurka. Sun shafe shekara uku suna gina gidajen bulo tare da mutanen gari. Da suka ga abin ya karɓu, suka koma gida, kuma a 1976 aka kafa Habitat for Humanity da hedikwata a Americus.

Ƙungiyar ta fito da sunanta a fili cewa ta Kirista ce, amma ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a duba addini ko launin fata wajen zaɓar wanda za a gina wa gida, haka ma wajen karɓar 'yan sa-kai. Fuller yakan bayyana cewa mutanen da suka saɓa a kan aƙida za su iya haɗuwa a kan guduma da ƙusa, domin rufin da ke yoyo ba ya tambayar ɗariƙar mai ɗaki.

Abin da ya ɗaga sunan ƙungiyar a idon duniya shi ne shigowar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda garinsu Plains yake kusa da Americus. A 1984 Carter da matarsa Rosalynn suka shiga aikin gyaran wani tsohon bene a New York, suna riƙe da guduma kamar kowa. Sun ci gaba da ware mako guda kusan kowace shekara domin wannan aiki har fiye da shekara 30. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya ba Fuller lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka. Zuwa 2005 ƙungiyar ta gina gidaje 200,000 a ƙasashe kusan 100, waɗanda suka ba mutum kimanin miliyan ɗaya matsuguni.

Inda aka soki tsarin

Tsarin bai tsira daga suka ba. Abu na farko da masu nazari suke nunawa shi ne cewa wanda ba shi da wata hanyar samun kuɗi ba zai iya shiga ba, tunda ana buƙatar biya duk wata. Ke nan waɗanda suka fi kowa talauci suna waje. Magoya bayan tsarin sukan amsa cewa an yi shi ne domin ma'aikacin da albashinsa ba zai kai shi ga rancen banki ba, sauran kuma suna buƙatar taimako na wani nau'i.

Na biyu shi ne hauhawar farashi. Bashin da ba shi da ruwa yana tafiya daidai ne a inda darajar kuɗi take a tsaye. A ƙasar da farashin siminti da kwano zai iya ninkawa cikin 'yan shekaru, naira 25,000 ɗin da aka ƙayyade a misalinmu za ta zama ba ta sayen rabin abin da take saye tun kafin a kai tsakiyar wa'adin. Asusun zai riƙa ƙanƙancewa sai dai idan sababbin gudummawa suna shigowa, ko kuma an ɗaure biyan da farashin kayan gini.

Na uku, ƙarancin gidaje a duniya ya fi ƙarfin kowace ƙungiyar sa-kai. Batun filaye, da takardun mallaka, da ruwa, da hanyoyi duk suna hannun gwamnati. Akwai masu fargabar cewa ayyukan jinƙai suna ba hukumomi damar zamewa daga nauyin da ke kansu.

Shi kansa Fuller bai rabu da ƙungiyar da ya kafa cikin daɗi ba. Wata ma'aikaciya ta zarge shi da halin da bai dace ba, ya kuma musanta. Kwamitin gudanarwa ya ce bai samu isasshiyar hujjar tabbatar da zargin ba, amma rikicin da ya biyo baya ya sa aka sallame shi da matarsa a watan Janairun 2005. Akwai kuma saɓanin ra'ayi tsakaninsa da kwamitin a kan alƙiblar ƙungiyar, domin shi yana son ta ci gaba da zama aikin addini mai sauƙin tsari, yayin da take ƙara ɗaukar siffar babbar ma'aikata. A shekarar ce ya kafa wata sabuwa mai suna Fuller Center for Housing, wadda ta ci gaba da gini a kan ƙa'idojin farko. Ya rasu ranar 3 ga Fabrairu, 2009, yana da shekara 74, aka binne shi a gonar Koinonia cikin akwatin katako marar ado, kamar yadda aka binne Jordan.

Abin da labarin ya nuna

Akwai abubuwa uku da za a iya fitarwa daga wannan tarihi. Na farko, matakin Fuller ya samo asali ne daga asarar da ya ga nasararsa tana jawo masa a cikin gida. Lissafin da ya yi na ɗan kasuwa ne: ya auna abin da yake samu da abin da yake rasawa, ya ga cinikin ba ya biya.

Na biyu, amfanin da talakawa suka samu ya fi fitowa daga shekaru arba'in na aikinsa fiye da dala miliyan ɗayan da ya rabar. Da ya tsaya a kan rabon kawai, da kuɗin sun ƙare cikin ɗan lokaci. Tsarin da ya gina shi ne ya mayar da gudummawar dubban mutane zuwa gidaje, kuma galibin waɗannan mutane ba su bar sana'o'insu ba. Akanta ya ba da ranar Asabar ɗinsa, mai sayar da katako ya rage farashi, lauya ya shirya takardun fili kyauta. Wannan ya nuna cewa fassarori biyun nan na malaman Kirista, ta mai barin komai da ta mai riƙe dukiya a matsayin amana, sun buƙaci juna kafin a kafa ko da tubali ɗaya.

Na uku, sadaukarwa ba ta ɗauke wa mutum buƙatar a sa masa ido. Ƙungiyar da aka gina a kan sunan mutum ɗaya tana shiga haɗari ranar da aka samu saɓani da shi. Habitat for Humanity ta rayu bayan tafiyar wanda ya kafa ta saboda tana da kwamiti, da dokoki, da rassa masu cin gashin kansu a garuruwa daban-daban. Har yau ita da Fuller Center suna gina gidaje, kuma iyalan da suka karɓi mabuɗi suna biyan kuɗin wata-wata da ake haɗawa a aza harsashin gidan wani.